Matani da Sharhinsa: Waiwaye a Kan 'Yar Motar Rimot

A hutun ƙaramar sallar da ta wuce, ina zaune a zaure bayan la'asar, sai ga jikana ya shigo rungume da 'yar motarsa ta rimot, irin wadda ake sarrafawa daga nesa ba tare da wata igiya ta haɗa ta da mai ita ba, ya dire ta a gabana fuska a murtuke, ya ce, “Kaka, ta mutu, sai dai a sayo wata.” Na ɗaga ta sama na ce ya matsa rimot ɗin, da ya matsa sai na ji injin yana kuka lafiya lau alhali ƙafafun ba su ko motsa ba, nan take na gane cewa ba abin da ya same ta illa wani ɗan noti da bai kai ƙwayar dawa girma ba, wanda ke riƙe ƙaramar giya a kan sandar injin, shi ne ya saki. Amma maganar nan tasa ta a sayo wata ta tsaya mini a rai, har ta sa na shiga waiwayen shekaru wajen sittin da na yi ina mu'amala da ƙananan motoci, ina tadabburin abin da zamani ya ba mu a cikin wannan fanni da kuma abin da ya karɓe.

Mu da muka taso a Zariya a shekarun 1960, ba mu san ana sayen motar wasa ba, domin da zarar an gama girbi an kwantar da karan dawa a gonaki, sai kowane yaro ya zama maƙerin kansa, ya sami reza ya feƙe kara, ya ɗauki totuwar ya yi gangar jiki da ita, ya tsaga ɓawon siri-siri ya mai da shi ƙusoshi, ya yanko taya daga sakaina ko tsohon silifas, sa'an nan ya kafa mata dogon kara ya zama sitiyari, ya bi bayanta a guje cikin lungu yana yi mata kukan inji da bakinsa. Wanda hannunsa ya ƙara faɗawa sai ya koma motar langalanga da ta gwangwanin madara, yana kwaikwayon manyan motocin nan masu bodin katako da ke ɗaukar gyaɗa da auduga. Abin da na fi tunawa shi ne ba motar da ke kwana biyu a kan hali ɗaya. Yau ka ga wani ya yanko robar tsohon tif ya ɗaura a ƙarƙashin tasa don ta riƙa lilo in ta hau dutse, gobe ka ga abokinsa ya samo ƙwan tocila da ragowar batir ya yi wa tasa fitila, jibi kuwa duk unguwa ta ɗauka. Ba mu da suna ga wannan aiki a lokacin, amma shi ne ainihin abin da masu motocin rimot na ƙasashen duniya suke kashe dukiya da lokaci a kansa, wato ka dubi abin da ke hannunka, ka gano inda ya gaza, ka yi masa ƙari.

Motar rimot ta farko da na gani da idona tsarabar Makka ce, wadda wani alhajin unguwarmu ya kawo wa ɗansa a ƙarshen shekarun 1970, muka kewaye ta manya da yara muna ta'ajibi. Amma ba ta yi wata guda ba ta tsaya, aka buɗe ta aka tarar komai na cikinta a liƙe yake da juna, babu abin da za a iya cirewa a sauya. Sai daga baya na fahimci cewa motocin nan jinsi biyu ne: akwai ta wasan yara zalla, wadda ajalinta ke zuwa ranar da wani abu ya karye a cikinta, akwai kuma ta masu sha'awar fannin, wadda aka ƙera da niyyar a kwance ta a ɗaura, kowane sashe nata yana da lambarsa, ana sayar da shi shi kaɗai. Asalin hikimar sarrafa abu ta iska ya daɗe, domin tun a 1898 Nikola Tesla ya nuna wa jama'a wani ɗan jirgin ruwa a birnin New York yana juya shi daga nesa, amma sai a shekarun 1960 ƙananan motoci suka fara fitowa a Turai da Amurka, yawancinsu masu ɗan injin mai. A 1976 kamfanin Tamiya na birnin Shizuoka a ƙasar Japan, wanda asalinsa sana'ar katako ce, ya fitar da motarsa ta rimot ta farko mai aiki da batir a kan siffar Porsche 934, a 1979 ya biyo da Rough Rider da Sand Scorcher masu iya shiga rairayi da burji, a wannan shekara kuma aka kafa IFMAR, ƙungiyar duniya mai kula da tseren irin waɗannan motoci. Shekarar 1984 kuwa ita ce ta buɗe ƙofa ga kowa, domin a cikinta Tamiya ya fitar da Grasshopper da Hornet masu sauƙin kuɗi, kamfanin Associated na Amurka kuma ya fitar da RC10 mai ƙirjin alminiyam ruwan zinariya, wadda masu tsere suka yi rububinta.

Allah cikin ikonSa ya ƙaddara mini tafiya Ingila karatu a 1985, a can na tara 'yan kuɗin guzurina na sayi Grasshopper, wadda girmanta kashi ɗaya cikin goma ne na motar gaske. Da na buɗe kwalin ban tarar da mota ba, sai jakunkunan notuna da sifirin da haƙoran giya da sassan roba a jere, da wani littafi mai zane-zane da ke nuna abin da za a fara da abin da zai biyo, na kuwa yi dare uku ina haɗawa, ina shafa giris a inda aka ce, ina kwancewa in na yi kuskure, har ranar da ta tsaya da ƙafafunta babu wani noti a jikinta da bai ratsa ta tsakanin yatsuna ba. A nan ne na ga kamannin wannan aiki da karatun zaure da muka taso a cikinsa. Ɗalibi ba ya fara sharhi sai ya haddace matani, ba ya kuma taɓa hashiya sai sharhin ya zauna masa, to haka motar da ka haɗa da hannunka take, ita ce matanin, duk wani ƙari da za ka yi mata daga baya sharhi ne a kanta, wanda kuwa ya yi sharhi a kan abin da bai karanta ba, ɓarnarsa ta fi gyaransa yawa.

A can Ingila akwai wata ƙungiyar masu wannan sha'awa da ke taruwa ranar Lahadi a filin wata makaranta, a cikinsu da wani dattijo da ya yi aikin injiniya har ya yi ritaya, shi ne ya zame mini malami. Na je masa da ɗokin in sauya inji, domin Grasshopper da ƙaramin inji take zuwa, wanda ake kira 380, ga shi kuwa an yi mata gurbin da zai karɓi babba mai lamba 540 irin na Hornet. Sai ya hana ni, ya ce in fara da boris. Motoci irin tawa a wancan zamani da bushin roba suke zuwa a inda sanda ke juyawa, shi kuwa bushi yana gugar sanda yana cinye ƙarfin inji a banza, in ƙura ta haɗu da giris ɗinsa sai ya zama kamar dutsen niƙa, ramin ya yi ta faɗi har taya ta soma rawa. Da na cire su na sa boris mai 'yan ƙwallayen ƙarfe, ban ƙara wa motar ƙarfi ko na anini ba, amma sai ga shi gudunta ya ƙaru, batir ya ƙara jimawa, kukanta ya yi laushi. Wannan shi ne darasi na farko, cewa kafin mutum ya nemi ƙarin ni'ima, ya kamata ya fara toshe kafar da wadda ke hannunsa take zurarewa.

Bayan boris sai ya kai ni ga ƙafafu. Sifirin kaɗai ba ya riƙe mota, sai dai ya yi ta wurga ta sama kamar fara, shi ya sa ake sa masa shakazoba mai mai a ciki, inda wani ɗan faifai mai huji yake ratsa man sannu a hankali, yana shanye tsallen. In man ya yi kauri ƙafa ta yi nauyin motsi, in ya tsinke mota ta yi ta rawa, mai motar ne zai yi ta gwaji har ya dace da irin ƙasar da yake gudu a kai. Sai taya, wadda masana fannin suka haɗu a kan cewa babu wani sauyi da ke bayyana a fili kamar nata, domin duk ƙarfin da inji ya tara ta nan yake isa ƙasa. Sai a ƙarshe aka zo ga inji da abin da ke ba shi wuta. A lokacin wani ɗan hannu ne ke goga farantin tagulla hawa uku, wutar da ta yi rara kuma a tura ta cikin wani farin dutse ta zama zafi, har in ka taɓa shi bayan gudu sai ya ƙona ka. Da na'urar lantarki mai daidaita gudu ta yi araha aka koma gare ta, sai mota ta riƙa tashi a hankali kamar an zare gashi daga cikin man shanu, wutar da a da ke ƙonewa a banza kuma ta koma ƙafafu.

Darasin da ya fi kowane tsada sai bayan shekaru na koye shi, a kan wata motar dabam da na saya bayan na dawo gida. A cikin kowace irin wannan mota akwai ƙaramar giya a bakin inji da ke juya babba, in ka ƙara wa ƙaramar haƙora sai gudun ƙarshe ya ƙaru amma tashi ya yi nauyi inji ya ɗauki zafi, in ka rage sai ta yi zafin nama a tashi amma ta gaza a doguwar hanya. Haka kuma injin, wanda aka saba naɗa wa waya zagaye 27, in aka rage zagayen zuwa goma sha wani abu sai ya ƙara sauri, ya kuma ƙara zuƙar wuta. Ni kuwa kwaɗayin gudu ya sa na haɗa duka biyun rana ɗaya, na fita da ita a tsakiyar zafin bazara, ba ta yi minti biyar ba na ji ƙaurin ƙuna, dalmar wayoyi ta narke, injin ya tashi aiki. Ban daddara ba, da hannun ƙafar gaba na roba ya karye sau biyu sai na sayo na alminiyam, ina ganin na rabu da matsala ke nan. Karo na gaba da ta yi da dakali hannun ko gezau bai yi ba, amma ƙarfin dukan ya wuce ta cikinsa ya tsaga ƙirjin motar, wanda ya ninka shi tsada, ga wuyar samu. Garin neman ƙiba na samo rama. A ranar na gane cewa wanda ya tsara motar da gangan ya bar wannan hannu da rauni, domin ya zama fansa ga abin da ya fi shi daraja, na kuma gane cewa rauni ba ya fita daga jikin na'ura, ƙaura kawai yake yi daga sashe zuwa sashe, aikin mai hankali shi ne ya zaɓa masa masaukin da ɓarnarsa za ta fi sauƙi. Wannan shi ne mizanin da fannin duka ya ginu a kansa.

Akwai kuma wani ladabi da wancan zamani ya koya mana ala tilas. Rimot na lokacin a kan zango 27 yake aiki, wanda aka raba shi manyan tashoshi shida, kowace da launinta, ruwan ƙasa da ja da ruwan lemo da rawaya da kore da shuɗi, ana sauya tasha ta hanyar cire wani ɗan ƙarau a sa wani, mutum kuma ya ɗaura ƙyallen launinsa a kan doguwar eriyarsa. In mutum biyu suka kunna a tasha ɗaya, sai motar wannan ta bi umarnin wancan ta je ta daki bango. Saboda haka ba mai kunna nasa sai ya je wurin wani allo da ake rataye alamun tashoshi ya ɗauko alamar tasharsa, in ya tarar wani ya riga shi sai ya jira, a cikin jiran nan kuwa ake gaisawa, ake duba motar juna, ake ba da aron sifana da shawara. Da aka shigo da rimot mai zango 2.4 wajen tsakiyar shekarun 2000, wanda ke ƙulla alaƙa da motarsa shi kaɗai ba ya jin kiran kowa, wannan wahala ta ƙare ƙaƙaf, kuma lalle rahama ce. Sai dai allon nan da ya tafi ya tafi da wani dalili na tsayawa a nemi iznin ɗan'uwa.

Juyin da ya fi girma a batir da inji ya auku. Batirinmu na da ƙwaya shida ne a jere, kowace ƙarfinta bolt 1.2, jimla 7.2, ga nauyi, ga shi da ƙyar yake kai ka minti goma. Na yanzu mai sinadarin litiyam, wanda ake kira LiPo, ƙwayarsa ɗaya 3.7 ce, biyu su ba da 7.4, uku 11.1, bai kai na da nauyi ba amma yana ɗaukar wuta ninkin-ba-ninkin. Injin da kuma gawayi ne a cikinsa yake gogar tagulla, sai an riƙa sauya gawayin ana wanke tagullar, na yanzu kuwa babu gawayi sam, maganaɗisu ne ke juyawa a tsakiyar naɗin waya, na'ura tana aika masa wuta bi da bi, ba abin da ke gugar wani sai boris. Da waɗannan biyu suka haɗu, gudun da a da gwanaye ke shekara suna nema ya zama abin da yaro ke cirowa daga kwali, har a 2011 kamfanin Traxxas ya fitar da wata mai suna XO-1 da ke kaiwa mil 100 a sa'a. Shi wannan kamfani, da aka kafa a jihar Texas a 1986, shi ne ya shahara da sayar da mota a haɗe, ka buɗe kwali ka yi caji ka fita, har wannan hanya ta rinjayi kasuwa.

Ba zan zama mai butulci in ce wannan duk hasara ce ba, domin yaron da a da tsoron jakar notuna zai hana shi shiga fannin yanzu ya shiga, wanda ba shi da malami a garinsu yana iya kallon gwani a intanet yana kwance giya dalla-dalla, har akwai na'urar da ke zuba roba hawa-hawa ta fitar maka da sashen da ka zana da kanka, abin da ko a mafarki ba mu gani ba. Abin da nake jin tsoro shi ne taƙlidi ba tare da sanin dalili ba. Sau da yawa yanzu za ka ga mutum ya sayi mota yau, kafin ya gudu da ita sau uku ya riga ya yi odar sassa masu ƙyalli ja da shuɗi, ba don ya ga gazawar na jikinta ba, sai don ya ga wani ya sa. Ya ƙara mata nauyi, ya kashe abin da ya fi kuɗinta, in ka tambaye shi illar da ya magance sai ya rasa amsa. Wannan israfi ne, ko da an kira shi gyara. Kuma da alama ba ni kaɗai ke kewar tsohuwar hanya ba, tun da a 2005 Tamiya ya sake fitar da Grasshopper a kwalinta a warwatse kamar da, iyaye suka saya suna haɗawa tare da 'ya'yansu.

A ƙasarmu kuwa wannan ilimi ya fi zama wajibi, domin ba mu da shagon da za ka shiga ka faɗi lamba a miƙo maka, ga ƙurar hunturu da ke shiga kowace kafa, ga zafin da ke gajiyar da inji da batir. Wanda ke nan ya nemi boris mai marfin roba, ya rage wa ƙaramar giya haƙori ɗaya ko biyu a kan abin da mutanen ƙasashen sanyi ke sawa, ya riƙa taɓa inji bayan 'yan mintoci, in yatsa ya kasa jimrewa to a huta. Batirin litiyam kuma amana ce mai haɗari, ba a bari ƙwayarsa ta sauka ƙasa da bolt 3, ba a barinsa cikin mota a rana, ba a huda shi, in ya kumbura an rabu da shi ke nan, wajen caji kuma a sa shi cikin tukunyar ƙasa nesa da katifa da labule, mutum yana kusa. Abin da ke faranta mini rai shi ne jinin motar kara bai ƙare ba, domin har yau ina ganin yara suna ciro ɗan inji daga mataccen rediyo, su samo batirin tsohuwar kwamfuta, su lanƙwasa gwangwani, su je wurin mai gyaran waya ya liƙa musu da dalma. Waɗannan, ko ba su taɓa jin sunan Tamiya ba, sun fi mai sayen ƙyalli kusa da ruhin fannin.

Shi ya sa ran nan ban ɗaure wa jikana notin da hannuna ba. Na miƙa masa ɗan makullin, na sa ya buɗe murfin giya da kansa, ya nemo gefen sandar da aka shafe ya saita notin a kai, na nuna masa yadda ake sa siririyar takarda tsakanin haƙoran giya biyu kafin a ɗaure inji, domin su sami 'yar tazarar da za su juya ba tare da sun ci juna ba. Da ya ajiye ta ya matsa rimot ta zabura ta fice daga zaure, sai ya bi ta da kallo, sa'an nan ya dubi yatsunsa da suka yi baƙi da giris, ya daɗe yana dubansu. Bayan mako biyu ya dawo da hannun ƙafar gaba a karye, na ce masa akwai na ƙarfe in yana so a nemo. Ya juya motar, ya bi da yatsa daga inda hannun ya karye zuwa inda yake kama da ƙirjinta, ya yi shiru, can ya ce, “A'a Kaka, a samo irin nasa na roba guda biyu. In wannan bai karye ba, nan ne zai tsage.” Na ce masa haka ne, na tashi na ɗauko tsohon akwatin kayan aikina da na zo da shi daga Ingila, na ajiye a gabansa, na ce daga yau a ɗakinsa zai riƙa kwana.